Tabarmi Shida na Yakaka

Da sunan Allah Mai jinƙan bayinsa nake farawa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, ina sanar da duk musulmin da takardar nan ta shiga hannunsa, na birni da na ƙauye, cewa an yi mini rashi. Mataunina na hagu, na can ƙurya, ya rasu ranar Talata da hantsi yana bakin aiki, a tsakiyar gasasshiyar tarwaɗa. Shekara arba'in yana yi mini hidima ba ƙorafi, ko a watan azumi da an sha ruwa shi ne a sahun gaba. An binne shi a gindin magaryar tsakar gida. Ba zaman makoki. Wanda ya yi niyyar gaisuwa ya zo da kunu.

Na fara da wannan ne don ku shaida hankalina yana nan daram, domin mutumin da ya san adadin haƙoransa bai ruɗe ba. Ni ne Abdulwahid ɗan Mala Fannami, mazaunin birnin Haɗeja, shekarata hamsin da uku. Da hannuna na rubuta, ba wanda ya matsa mini, a watan Rajab na shekara dubu da ɗari biyu da tamanin da takwas bayan Hijira. Da Hausa na rubuta ba da Larabci ba, don a karanta wa uwarku 'Yar'azumi ta ji da kunnenta, don kuma kada wani a cikinku ya ce nahawu ne ya hana shi ganewa. Da ku 'ya'yana uku nake magana: Bunu babba, Yakubu, da ƙanwarku Yakaka.

Ƙafafuna sun kumbura kamar gorar masunta, kumburin ya wuce gwiwa yana hawa. Wanzami ya ce sanyi ne. Na gode masa. Amma na yi wa mutane wanka da yawa a unguwar nan, na san inda irin wannan sanyin yake sauka.

Ruwa ya cika bana. Daga inda nake kwance ba na ganin kogi, sai dai ƙamshinsa da kukan kirinjijiya in sun ratsa ta saman gida. Bayan azahar in barci ya fara ɗibana, sai in ga ruwan ya shigo ɗaki a hankali ba ƙara, ya ɗaga buzuna, littattafai su bi ni a baya kamar 'ya'yan agwagwa. Mu fita ta zaure, mu haye ganuwa, mu bi ta kan fadamun shinkafa inda ba a ganin komai sai kore da sama. Can nakan hango babana tsaye a kan wani tudu yana gyaran homar kamun kifi, bai tsufa ba, bai kuma yi mamakin ganina ba. Ban kai gare shi ba tukuna, kullum tari ke dawo da ni. Kafin ranar da tarin zai makara, ga abin da na bari.

Na ɗaya. Malam Isa, limamin unguwa, shi zai yi mini wanka. Ya fi shekara ashirin yana neman ranar da zai yi magana a kaina ban ba shi amsa ba, kada a hana shi. Likkafani yana cikin tukunyar ƙarƙashin gado. A kai ni tudu, kada a sa ni a gangare. Na sha ruwan kogin nan iyakar raina, ba na so shi ma ya sha ni.

Na biyu. Gado ba nawa ba ne da zan raba, Allah ya riga ya raba shi tun kafin a haifi kakana. Akwai gonar tudu ta gero, akwai fadamar shinkafa, akwai garkar alkama ta bakin kogi da jigonta, akwai shanun da ke hannun makiyaya, akwai gidan nan. Ku kira alƙali ya yanka wa kowa nasa. In ya fara, ku yi shiru. Na ga 'yan'uwa da yawa da suka shiga rabon gona su biyu suka fito ba gona ba ɗan'uwa.

Na uku. Littattafai, in kun yarda, kada a raba su, a bar su cikin gafakansu a zaure, duk mai son karatu ya zo ya duba. A riƙa shanya su da zarar damina ta ɗauke. A sa ido kan gara. A duk ɗaliban da suka taɓa zama a gidan nan ba wanda ya kai ta naci, ita kaɗai ta sauke babban littafin fiƙihuna daga bango zuwa bango cikin damina guda.

Na huɗu. Jakina a bar shi ya tsufa a gida, kada a sayar. Shekara goma sha ɗaya yana jin wa'azina a hanyar gona, bai taɓa yi mini gyara ba.

Na biyar. Kai Bunu, kai Yakubu, yau shekara biyu ke nan ba ku ci a akushi ɗaya ba. Kuna tsammani ban lura ba, don in na shigo kowa yakan gyara fuska. Na san tushen abin. Bunu yana fataucin bandar kifi tare da Zarami, mijin ƙanwarku, yana cewa harkar miji da mata ba a shiga. Yakubu kuwa ya rantse duk ranar da ya haɗu da Zarami a kasuwa sai an raba su. Kowannenku yana da rabin gaskiya, shi ya sa kuka kasa komai da ita. Ni ma ban taimake ku ba, don duk sanda maganar ta taso nakan buɗe littafi. Yau na rufe shi. Ku saurara, wannan ita ce wasiyyar, sauran duk share fage ne.

Na shida, maganar Yakaka.

Ba a yi mata dole ba, ku shaida. Ta mallaki hankalinta sosai sanda aka tambaye ta, ta rufe fuska tana dariya. Zarami ɗalibina ne, wanda ya fi kowa kyan rubutu, baƙaƙensa a jere kamar balbelu a bakin tabki. Ita ma a zauren nan ta yi karatu, ta bayan asabari, kuma ta fi ku duka biyu, kada ku ji haushi. Na ce a raina na haɗa alƙalami da tawada. Ya tafi da ita garinsu, Tudun Kaba, can gaba da Kirikasamma, inda in ruwa ya zo gari kan zama tsibiri wata uku.

A shekararsu ta fari yana karanta wa baƙi wani babi a zaurensa, ya tsallake layi. Ita tana tsakar gida tana tankaɗe, ta faɗi layin da ƙarfi, yadda ta saba a nan, inda in yaro ya gyara mini karatu nakan ba shi dabino. Baƙi suka yi murmushi. Washegari ya ɗauke allonta da alƙalaminta. Bayan kwana biyu ya ƙara wa katanga tsawo. Ɗakinta yana da taga mai kallon ruwa, ya sa aka liƙe ta da ƙasa, wai masunta na wucewa. Hatsi da kansa yake auna mata kowace safiya. In ta yi dariya ya ce ta yi yawa, in ta yi shiru ya ce fushi take. Yakan yi wata guda bai ce mata uffan ba, suna gida ɗaya. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba, kuma da wannan na yi ta kare shi shekara da shekaru, kamar duk cutar duniya a tafin hannu take.

Allah ya ba su ɗa, aka sa masa Ari. Ɗan fari ne, don haka ba ta kama sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, sai dai ta ce “wancan”. Da lokacin yaye ya yi, uwarku ta aika a kawo mata shi kamar yadda aka saba, Zarami ya ce gidansa ba a rasa kunu ba.

Cikin cikar ruwan waccan shekarar zazzaɓi ya kama yaron, ga gudawa. Zarami ya tafi gabas da kifi, tafiyar kwana takwas, ya bar umarni kada ta taka ko bakin zaure. Wani tsohon mai jirgi, Inuwa, maƙwabcinsu, ya aiko matarsa ta ce jirgi na nan a ƙofa, ta fito ya kai ta Haɗeja wurin uwarta da masu magani, kafin rana ta faɗi sun isa. Ta goya yaron. Ta zo har bakin ƙofa, tana jin ruwa na bugun jikin jirgi. Sai ta tuna karatu, cewa mace ba ta fita sai da izinin mijinta. Ta juya ta koma ɗaki. Kwana uku yaron ya cika.

Ba na cewa Haɗeja za ta hana ajali. Ban sani ba, ita ma ba ta sani ba, kuma rashin sanin nan shi take kwana da shi take tashi da shi. Abin da na sani shi ne wanda ya karantar da ita babin nan. Ina tuna ranar. Na karanta mata hukuncin, saura layi biyu in kai inda aka ce sai fa in akwai larura, sai aka yi sallama ana kirana walima. Na ce gobe ma ƙarasa. An yi naman rago a walimar, wannan ban manta ba.

Maza suka naɗe shi a 'yar tabarmar da ta saƙa masa da hannunta, suka sa a jirgi, suka kai wani tudu mai goruba uku a tsallaken ruwa. Ba ta yi kuka ba, ɗan fari ne, ga surukai cike da gida. Mata suka yi ta yabon kunyarta, har nan yabon ya iso, ni ma na ji daɗi na ce tarbiyya ce. Da Zarami ya dawo ya ce sakacinta ne, ruwan tabki ta ba yaron. Ya kwashe 'yan rigunan ya bayar. Ya ce kada ya ƙara jin zancen, hawaye jayayya ce da hukuncin Allah.

Bayan kwana arba'in ta yi yaji, sau ɗaya tak a duk zaman aurenta. Da sassafe ta ɗauki gorar wani masunci da aka jingine a bakin ruwa, ta hau ta rub da ciki yadda suke yi, ta tura da ƙafa. Ita da ba ta taɓa hawa gora ba. Masuntan da suka gan ta sun ba ni labari daga baya. Sun ce ruwan ya kwanta luf, furen bado ya buɗe fari ko'ina, hazon ruwa bai gama tashi ba, sai ga mace tana ratsa shi a hankali, mayafinta na jan ruwa a baya, tsuntsaye ba su ko tashi ba. Ɗayansu ya saki homarsa ya kama salati, ya zaci mutanen ruwa ne. Ba hanyar Haɗeja ta fara nufa ba. Ta yi ta kewaya tudu bayan tudu tana neman mai goruba uku, amma a ƙasar nan kowane tudu da gorubarsa, ba kuma wanda ya taɓa nuna mata. Da rana ta take ta haƙura ta juyo yamma. Ta kwana biyu a hanya, wani wuri a ruwa, wani a ƙafa tare da mata 'yan kasuwa. Da la'asar na ɗaga kai daga karatu na gan ta a bakin zauren nan, laka har cinya, jijiyar bado ta nannaɗe mata idon sawu.

Kwana tara ta yi. Ba ta kai ƙarar kowa ba. Ta zauna gindin magarya tana tsage kaba, uwarku na gefenta. Ran na goma Zarami ya zo biko da goronsa. Ya kawo hujja daga littafi, na kawo tawa, ya kawo wata, na ji daɗin yadda ya riƙe karatunsa. Muka yi ta yi har aka kira magariba. Rabona da muhawara mai daɗi irin wannan an daɗe. Malamai biyu suka daidaita, ba wanda ya tuna a leƙa gindin magarya.

Da safe na kira ta na yi mata wa'azin haƙuri, mai kyau ƙwarai, da ma a rubuce yake da kun ga gwaninta. Ta saurara kanta a ƙasa har na ƙare. Sannan ta ce, “Baba, na ji. In ka ce in koma, zan koma. Amma ka faɗa da bakinka, kada ka ce littafi ne.”

Na dubi uwarku na ce a haɗa mata kayanta.

Yau shekara shida ke nan ba ta sake tako gidan nan ba, ba ta kuma aiko da ƙorafi ko sau ɗaya ba. Abin da take aikowa tabarma ce. Kowace shekara in jiragen farko suka fara zuwa daga gabas, Asabe dillaliya, wadda ke shiga gidaje tana sarin saƙar mata, takan kawo guda ɗaya ta ce in ji Yakaka, a ba Baba. 'Yar ƙarama, siririya, da jan karan dafi a baki. Ba ta isa salla ba, ba ta isa zaman baƙo ba. Na yi ta zolaya ina cewa 'yata ta zama gwanar saƙa wa kyanwa. Ɗaya na ɗora kwalbar tawada a kai, ɗaya na rufe tulu, ɗaya har bayan jaki ta hau.

Watan jiya ta shida ta zo. Uwarku ta tattaro su duka, ta karkaɗe, ta shimfiɗa a gabana ɗaya kan ɗaya, ta daidaita su ta gefe guda. Sai na ga ɗaya gefen ya fito hawa-hawa kamar matakalar soro, kowace ta ɗara ta bara da yatsa huɗu. Ta ce mini, “Malam, kai da kake karanta rubutun kowa. Tsawon Ari ne. Da yana raye, bana nan zai kai.”

Na tambaye ta tun yaushe ta sani. Ta ce tun ta biyu. Na ce me ya hana ta faɗa mini. Ta ce ta faɗa sau biyu, duka biyun da Larabci na amsa mata.

Yaron da ba ta da ikon kama sunansa, ba ta da ikon yi masa kuka, ba ta san kabarinsa ba, haka take renonsa, shekara shekara, da ragowar kabar da ta ɓoye. Ta kuma aiko shi gidan kakansa, inda ya kamata ya zo yaye. Ni kuwa na rufe tulu da shi.

Na sa aka kira mini Asabe, na ce ta faɗa mini komai kada ta rage. Kada ku zaci ƙanwarku ta karye, ba ta karye ba. Asabe ta ce ta rame, amma idonta na nan. Manyan tabarminta har Jahun ake nemansu, Zarami ke kai su kasuwa, ita ko labarin cinikin ba ta ji. Matan gari suna shiga wurinta da sunan sayen rinanniyar kaba, ita kuwa ta baza toka a faifai tana koya musu baƙaƙe da yatsa, in an ji tafiyarsa a zaure a girgiza faifan. Wata rana da ya yi tafiya ta buɗe littafinsa, wanda ya kwafa daga nawa da kyakkyawan rubutun nan nasa, ta nemo babin, ta karanta layi biyun da na bari. Ita kaɗai a ɗaki ta karanta su. Ba ta aiko mini da ko kalma ɗaya a kai ba. Amma tun daga ranar duk macen da ta shigo da yaro mai zafin jiki, ba ta barinta ta zauna, takan ce ta tashi ta shiga jirgi yanzu, larura ta buɗe mata ƙofa, in mijinta ya yi magana a turo shi ya ga layin. Asabe ta ƙirga mini yara huɗu da aka kawo birni ta haka. Ta ce kuma a tagar nan da aka liƙe, Yakaka ta huda 'yar kafa da tsinke, daidai ido ɗaya. In ta gaji da saƙa takan sa ido ta kalli ruwa.

Tun ranar, in ruwan barcin nan ya ɗauke ni, ba na zarcewa wurin babana kai tsaye. Buzun yakan karkata gabas. In wuce Kirikasamma, in ga rumbuna tsaye cikin ruwa har wuya, in ga gauraka biyu a kan wata kuka. Sai in iso bayan wata katanga doguwa, in yi ta kewaya ta ina neman ƙofa, ba ƙofa, sai 'yar kafa ɗaya. In na matsa zan yi magana, bakina ya cika da ruwa.

Na bakwai. Wannan kaɗai kada ku jira mutuwata. Ruwa ya fara ja da baya. Nan da ƙarshen wata jirgi zai daina kaiwa ƙofar Zarami, daga nan sai caɓi, wanda ba jirgi ba jaki har wata guda ko fi, ni kuma ban ga alamar ina da wata guda na zubarwa ba. Ran Asabar ku shiga jirgi ku biyu, jirgi ɗaya. Bunu ya zauna a gaba don shi Zarami ke jin nauyi. Yakubu ya riƙe sandar tuƙi don hannunsa ya sami abin yi. Ku tafi da Malam Isa, ku tafi da uwarku in ta iya zaman jirgi.

In kun isa, kada ku tsaya muhawara a zaure. Zai kawo hujja, kuma zai kayar da ku, ni na koya masa. Ku gaisa, ku ce kun zo ganin 'yar'uwarku, wannan ba mai hana ku. Ku shiga. Ku zauna a ƙasa. Ku tambaye ta abin da take so, sannan ku yi shiru har ta amsa, ko da za a kai la'asar. Kada ku faɗa mata abin da ya fi. An yi mata wannan ya isa.

In ta ce za ta fito, ku nemi Zarami ya sauwaƙe mata cikin mutunci. In ya ƙi, ku kawo maganar gaban alƙali, cutarwa ba sai da tabo ba, Asabe da matar Inuwa sun ce za su tsaya shaida. In abin ya tsaya kan a mayar da sadaki, jar karsanar da ya bayar tana nan cikin shanuna, ta zama uwar garke. A kora masa ita, kada a yi ja-in-ja ko na rabin yini. Bunu, na san wannan zai kashe cinikinku. Kogin nan bai ƙare da kifi ba, ƙanwa kuwa ɗaya gare ka.

In kuma ta ce za ta zauna, don mai yiwuwa ne, ɗanta a ƙasar nan yake, to kada ku yi fushi, kada ku ce ta ba ku kunya. Ku sa Malam Isa ya kafa wa Zarami sharaɗi a gaban dattawan garin: a buɗe tagar, a mai da mata allonta, ta riƙa zuwa gida duk cikar ruwa, ɗayanku kuma ya riƙa leƙa ta kowane wata. Ku sake tambayarta baɗi. Ku sake tambayarta baɗin baɗaɗa.

Ko ta fito ko ta zauna, abu ɗaya ba fashi. Inuwa mai jirgi yana cikin waɗanda suka kai yaron, ya san tudun. Ku sa ta a jirgi ku kai ta. Na sha hawa buzu ina wa'azin hana matan gari zuwa maƙabarta, Malam Isa zai tuna muku da haka, ku ce masa na ji. Ku sauke ta, ku koma bakin ruwa ku juya baya. In kun ji ta kira suna, ba ku ji ba. In ta daɗe, ku jira.

Na takwas. Na san ba a yi wa magaji wasiyya sai da yardar sauran magada, don haka wannan roƙo ne ba umarni ba. Ɗakin gabas mai taga biyu, da kurmin gorubar da ke gefen gonar tudu, ku bar wa Yakaka a kan rabonta. Ɗakin don ta sami inda za ta rufe ƙofa da hannunta ta buɗe da hannunta. Gorubar don kada ta roƙi kaba wurin kowa. Kada ku yi gaggawar nema mata wani mijin don ku huta da bakin mutane. Bakin mutane bai taɓa kwana a ɗakin da aka liƙe tagarsa ba. Tabarmin shida an wanke su, suna naɗe a kan gadona, a ba ta. In ta ga dama ta saƙa ta bakwai, kada wanda ya ce mata ya isa.

Na tara. Zarami kada a zage shi, kada a taɓa shi, Yakubu da kai nake. Shi ma ɗansa ne ya mutu, bai kuma sami wanda ya koya masa abin da ake yi da baƙin ciki ba sai ɗora shi a kan wani. Shekara bakwai yana zaune a gabana. Na gyara masa riƙon alƙalami, ban taɓa tambayar yadda yake magana da uwarsa ba.

Na goma. Uwarku. Ba ta san baƙi ko ɗaya ba, amma duk abin da ya faru a gidan nan ta riga ni karanta shi. In ta yi magana sau ɗaya ku ji, kada ku bari sai ta maimaita.

Allah ya yi muku albarka, ku da abin da kuka haifa da abin da za ku haifa. Allah ya cika rumbunanku, ya sa ruwa ya zo muku daidai gona ya tsaya a bakin ƙofa. Ku riƙe juna. Ku ci a akushi ɗaya ko da miyar ba gishiri. Ƙofar gidan nan kada a ƙara rufe ta ga wanda aka haifa a cikinsa, ko da wane irin ƙafa ya dawo, ko da laka har wuya. Wanda na ɓata wa a unguwa ya yafe mini, ni na yafe wa kowa, har da wanzami.

Saura layi biyu, kuma wannan karon ba zan bar su sai gobe ba. In na cika kafin jirgin ya dawo, Bunu ya karanta mata.

Yakaka, ranar nan ni na mai da ke, ba wani ba. Na yi kuskure. Ki yafe mini in kin iya.